Sama'ila, wanda bai yarda da "lafiya lau" ba

Bana shekara hamsin ke nan da rasuwar abokina Sama'ila, mutumin wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. Abin da ya tayar mini da tsohon miki shi ne jikata Hauwa, wadda ta zo mini da waya tana nuna mini jerin jami'o'i, an ce wannan ce ta ɗaya, waccan ta biyu, har da sakamakon tambayar da aka yi wa ɗalibai ko sun gamsu da karatunsu. Ta ce in taya ta zaɓe. Na riƙe wayar, sai Sama'ila ya faɗo mini a rai.

Ɗaki ɗaya muka zauna da Sama'ila a jami'a, ni daga Ƙanƙara. Lokacin kuɗin mai ya shigo. Ana ba mu kaza da shayi da madara, ana wanke mana tufafi. A gida kuwa fari ake yi, shanu na faɗuwa, rijiyoyi sun ƙafe. Sau da yawa yakan zauna gaban faranti ya kasa kai loma, sai ya ce, "Lawal, ko mi Inna ta ci yau?"

A shekararmu ta ƙarshe ya zaɓi ya yi bincikensa a kan jin daɗin ɗalibai. Ya bi ɗakuna yana tambaya. 'Ya'yan birni suka yi ta ƙorafi, shayi ya huce, fanka ba ta juyawa. 'Ya'yan ƙauye kuwa amsarsu ɗaya: lafiya lau, alhamdulillahi. Da ya haɗa sakamakon, sai ya nuna su ne suka fi kowa gamsuwa.

Wannan ya hana shi sukuni, don ya san su. Akwai wani ɗan Sabuwa da ya ce komai lafiya, alhali garken mahaifinsa ya ƙare, har yana shirin barin karatu. Sama'ila ya koma wurinsa, ya zauna, suka yi hira har yaron ya fashe da kuka. Daga nan ya je ya ce wa malamin da ke duba aikinsa, "Malam, mutanenmu ba su kai kuka ga baƙo. In na rubuta sun gamsu, na yi masu ƙarya." Malamin, mutumin kirki, ya ce ya je hutu ya dawo su sake tsarin tambayoyin tare.

Bai dawo ba. Ya tarar mutanen ƙauyensu suna ƙara wa tsohuwar rijiya zurfi. Suka hana shi shiga, suka ce ɗan jami'a bai shiga rami. Ya tuɓe riga ya karɓi igiya. Yana ƙasa gefen rijiyar ya rufta. Kafin a tono shi rai ya yi halinsa.

Da na je ta'aziyya, mahaifiyarsa ta dube ni ta ce, "Kai ne Lawal? Ya ce kai ka tashe shi sallar asuba."

Ina tambayar kaina me zai ce da ya ga jerin da Hauwa ta nuna mini. Ba na jin zai raina shi, don mutum ne mai son a auna abu. Amma zai tambaya: ɗalibin Faskari da ke tsoron hanyar gida, wanda iyayensa suka bar gonarsu saboda 'yan bindiga, wa ya zauna da shi? Me ya amsa? Na shawarci Hauwa ta nemi 'yan yankinmu da ke karatu a jami'o'in nan, ta saurare su da kyau kafin ta yanke.

Sama'ila bai karɓi digiri ba, bai yi aure ba, ko hotonsa ba ni da shi. Amma bayan an yi masa sutura, mutanen ƙauyen sun koma sun ƙarasa rijiyar, suka sami ruwa. Yanzu ƙauyen ya watse, gidaje sun rushe. Wani direba ɗan Yankara ya gaya mini bara cewa har gobe masu wucewa suna tsayawa su sha, ba wanda ya san sunansa a cikinsu. Allah Ya kai masa ladan, Ya haskaka kabarinsa.