Ga Uwar Ƙwai, Wadda Na Zarga Kafin Na San Ta

Ranar Talata, tara ga watan Maris, da hantsi, ina cikin awon wata mai ciki babbar sista ta leƙo ta ce in fito. A bakin ƙofa ta gaya mini kin yanke jiki kin faɗi a ofishinki, kafin a kai ki ɗakin gaggawa rai ya yi halinsa. Daga Allah muka zo, kuma gare Shi za mu koma.

Dakta, ni ungozoma ce, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma akwai hakkinki a kaina, domin ni ce na fara kai ƙarar ki a asibitin nan. Shekara uku da suka wuce kika fara zuwa ɗakin haihuwa da 'yar kular ƙanƙara kina karɓar mabiyiya. Kin nuna mini takardar izini da sa hannun iyaye, duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ce wa babbar sista, mace mai ilimi kamar wannan me za ta yi da mabiyiyar 'ya'yan mutane in ba wani abu a ƙasa?

Da labari ya kai gare ki ba ki yi fushi ba. Kika kama hannuna har ɗakin bincikenki a hawa na biyu, inda kike jera ƙwan kaji cikin akwatin ɗumi, abin da ya sa ma'aikata suka laƙaba miki Uwar Ƙwai. Kika ɗauko ɗaya da kika fasa wa 'yar taga, kika sa ni na duba ta madubin ƙara girman abu. Na ga zuciya ƙarama kamar kan allura tana bugawa.

"Sista," kika ce, "kowane ɗan tayi da ƙwayar halitta ɗaya yake farawa, ta rabu biyu, biyu su zama huɗu. Akwai ƙwayar cutar da ake kira bairos, in ta tsallake mabiyiya ta shiga ƙwayoyin da za su gina ƙwaƙwalwa, sai ta hana su rabuwa. Gini ya tsaya a rabi. Ita nake nema."

A waccan shekarar jarirai biyar na karɓa da hannuna masu ƙananan kawuna, ba wanda ya taɓa gaya mini dalili. Kika ƙara da cewa ita kanta mabiyiyar, da guntun wani tsohon bairos da ya daɗe a jikin ɗan Adam ake haɗa bangonta. Na ce, "Dakta, kada ki raina mini hankali." Kika yi dariya har da riƙe teburi.

Ba zan manta da matar nan tela ba, uwar jariri na huɗu. Dangin mijinta suka ce wani abu ta sha don ta zubar da cikin, surukarta ta tattara mata kaya. Ke kika nemo mijin, direban babbar mota, kika zaunar da shi kusan awa guda kina zana masa a takarda yadda cutar ta bi jini. Ya tambaye ki sau uku ko kin tabbata. Washegari da kansa ya je ya dawo da ita ɗakinta.

Saboda na taɓa zarginki a banza, yau ina tsoron zargin kowa. Likitoci sun ce zuciya ce, ban musa ba, ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma idona ya ga abubuwa. Mako biyu kafin rasuwarki aka iske firizar da kike ajiye aikin shekara uku a zare daga wuta, komai ya narke. Aka ɗora laifin a kan mai shara, matar da ba ta taɓa riƙe makullin ɗakin ba. Rahotonki ya nuna an daɗe ana ganin irin jariran nan a asibitinmu ana kau da kai, kuma shugaban sashe ya ce ki dakata da shi sai ya duba. Kwana ɗaya da binne ki, muna zaman makoki, aka canza kwaɗon ofishinki. Na tambayi inda littattafanki da kwamfutarki suke, aka ce an adana. Wa ya adana? A ina? Har yau ba amsa.

Abin da ba su sani ba, bayan abin da ya faru da firizar kin ba ni kwafin rahoton cikin ambulan kika ce, "Ajiye mini a gida, Sista." Jiya na damƙa shi a hannun maigidanki, a gaban yayanki, suka ce za su kai shi inda za a karanta.

Ya Allah Ka gafarta mata, Ka haskaka kabarinta, Ka yafe mini abin da na taɓa faɗa a kanta. Ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta, da 'ya'yanta biyu, da mahaifiyarta da ta tsufa ta ga wannan rana. Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ku sa mu ma a addu'a. Akwai masu ciki uku da ta ɗibi jininsu kafin ta rasu, ranar Litinin za su zo karɓar sakamako, kuma ni za su tarar a kan kujera.