Layi Biyu a Jikin Tanki

Da asuba, kafin gandiroba ya buɗe ƙofa, Mai Walda na durƙushe yana tari cikin tsumma don kada ya tashi 'yan ɗaki. Ranar za a saurari ƙarar da ya ɗaukaka.

Shekara ashirin da shida ya yi yana liƙe tankokin mai a gareji ɗaya. Ƙa'idar aikin guda ce: mai wanki ya wanke tanki tas, ya ja layi biyu da alli a jikinsa, sannan mai walda ya kunna wuta. Mai wankin kuwa Dogo ne, amininsa, kwanonsu ɗaya. Ran da wani tanki ya fashe, layi biyu na nan raɗau. Wuta ta cinye allin, ta cinye hannun direba. A kotu Dogo ya ce bai ja komai ba. Aka yanke wa Mai Walda shekara shida.

"Laifina ɗaya," yakan ce. "Na yarda da alli, ban sunsuna ba."

Hayaƙin shekaru ya riga ya ci huhunsa. Lauya ya ce takardar likita kaɗai ba za ta fitar da shi ba, sai Dogo ya gyara maganarsa.

Dogo ya zo ziyara har da hawaye. "Yaya, manaja ne ya ce in ja layin tun ban gama wanki ba, wai direba na sauri. Wallahi ranar shari'a zan faɗa."

"Share majinarka," in ji Mai Walda. "Ka dai zo."

A kotu, duk motsin ƙofa sai ya waiga. 'Yarsa ce ta matso ta raɗa masa: "Baba, daina wahalar da wuyanka. Tun makon jiya aka naɗa Kawu Dogo shugaban ma'aikata."

Alƙali ya duba takardar likita, ya ce a mayar da shi ɗakin marasa lafiya na gidan yari. Shekara shida kuwa tana nan daram.

Mu 'yan gareji muna tsaye bakin motar fursuna sai ga matar Dogo da kular abinci, kai a sunkuye.

"Ya ce a gaishe ka, Yaya. Aiki ne ya riƙe shi."

Mai Walda ya karɓa da hannayensa cikin ankwa. Ya buɗe murfin, ya sunsuna a hankali. Sannan ya rufe, ya ajiye mata a ƙasa, ya hau mota.