Injin da Gambo Ya Mayar wa Alhaji Isufu

Da sunan Allah nake buɗe baki. Sa'a, ke ce matar Gambo, ke kika yi lakwal kika iya boko, ki rubuta yadda ya fito daga bakina, kar ki gyara mini.

Gambo autana ne. Bayan tagwaye ya zo, su kuwa ba su zauna ba. Mai ɗaukar hoto ne a bakin kasuwar Matamaye. Tun yana ƙarami ba ruwansa da gona, sai kallon fuskar mutane, har nakan ce masa, "Kai, sauke idonka, ba a yi wa babba haka." Babansu ya tafi cin rani a wata yunwa can baya, lokacin Gambo ko kaciya ba a yi masa ba. Aka ce an gan shi a Kano, aka ce ya wuce Ikko, daga nan shiru. Ba gawa, ba saƙo. Ban yi takaba ba, don ba wanda ya zo ya ce mini ya rasu. Abin da ya bar mana hoto ɗaya ne ɗan mitsitsi, na katin ɗan ƙasa.

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki, gero ya bushe a tsaye, maza suka watse tun kafin lokacin tafiya ya yi. Gambo ya riga ya koyo aikin odinatar a Damagaram, injin nan da ake haɗa hoto da shi. Mace ta haihu mijinta na Nijeriya, sai ta kawo tsohon hotonsa, a sa shi kusa da jaririn kamar yana nan aka yi suna. Ya ce wannan sana'ar za ta ci da mu, in ya samu injin kansa.

Alhaji Isufu mai sayar da rediyo yana da odinatar guda biyu, ya ce a kai gida a gwada. Ɗaya babba, akwatin ƙarfe da gilashi mai ƙatuwar ƙeya, sai da aka ɗauko ta a kura, kuma ba ta motsi sai da kuran, wutar lantarki. Ɗayar 'yar ƙarama, a ninke ta a sa a jaka, tana da batir ɗinta.

Alhaji ya ce, "Inna, babbar nan inda aka ajiye ta nan za a same ta. Ƙaramar kuwa 'yar tasha ce, ba ta san gida ba."

Gambo ya yi dariya ya ce ai 'yar tashar yake so. Da ita zai ci kasuwar Kurni, ya ci ta Yauri da Dungu, in abin ya ƙi ya ƙetara Kano. Ni dai Kanon na ji. Haka babansu ya faɗa, a tsaye a bakin ƙofar nan.

Bayan azahar ya jera su kan tebur a ɗakinsa, ya hau kujera. Ni ina ƙasa kan tabarma ina tsince ganyen tafasa, don shi muke ci a lokacin. Ya ce zai gwada su da hoton babansu. Ya ƙara masa girma, ya haɗa da nasa, kafaɗa da kafaɗa, ya sa musu lambu kore shar a baya, har da ruwa. A babbar na fara gani. Maigidan ne sak, ga Gambo gefensa, ashe har ya kamo shi a shekaru, kamar wa da ƙane.

Sai na juya wajen ƙaramar. Innalillahi. Fuskokinsu toka-toka, ramin ido fari fat, baki baƙi wuluk. Lambun ya koma duhu. Na yi wankan gawa ba sau ɗaya ba a unguwar nan, na san wannan launi.

Na ce, "Gambo, rufe ta."

Ya ce, "Haba Inna, ga mu nan ras. Ta ma fi babbar haske."

Na ce, "Sauko nan."

Bai so ba, amma ya sauko ya zauna kusa da ni. Ya ɗaga kai ya dubi gilashin. Gidan ya yi tsit, ko akuyar maƙwabta da ke kukan yunwa kullum ba a ji ta ba. Can ya ce, "Gilashin ne, Inna. Haka irinsu suke in an kalle su daga ƙasa."

Na ce, "Na ji. Amma ni daga ƙasa nake kallo. Matan da za su kawo maka hoton mazansu, wacece a cikinsu za ta hau kujera a gabanka? Duk tabarma za su zauna."

Ya miƙe ya duba, ya sake zama ya duba. Muna haka aka ɗauke kuran. Babbar ta yi ƙis, hoton ya tsuke ya zama ɗigon haske, ya ɓace. Ƙaramar ba ta mutu ba. Ita kaɗai ta rage a ɗakin, uba da ɗa suna kallonmu da fararen idanu. Da hannunsa ya ninke ta, a hankali, yadda ake rufe wa mutum fuska.

Da safe ya mayar da ƙaramar. Alhaji ya ce, "Kai ɗan Inna, tsohuwa ta ɗaure ka da igiyar kuran ke nan?" Gambo ya ce, "A bar mini mai nauyin."

Shekarar mun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Wuta ta fi tafiya da zuwa, wani lokaci ya wuni kan benci yana korar ƙuda. Amma magariba tana yi ina jin sallamarsa. Har yau yana nan, da ke da yaranku, mata suna zama a tabarma suna ganin mazansu da fuskar masu rai. Juma'ar da ta biyo bayan mayar da injin na dama ɗan kunu na yi sadaka, na roƙi Malam Iliyasu na unguwarmu ya yi wa maigidan addu'a, wadda za ta same shi ko a bisa ƙasa yake ko a cikinta.

Ƙaramar, wani saurayi daga Dungu ya saye ta, aka ce ya yi arewa da ita cin rani. Ban san uwarsa ba. Ina dai sa ta a addu'a bayan kowace salla.