Kan Ɗan Farina a Cikin Gilashi

Mun bar Matamaye a motar haya bayan sallar asuba, ni da ɗan farina. Daga cin rani a Kano ya dawo da ciwon kai, kullum harshensa na ƙara nauyi, har magana ta ɗauke ɗif. An rufe iyaka, saboda haka Damagaram aka tura mu, a ɗauki hoton cikin kansa a ga ko abin da ke damunsa a ciki zai ciru.

Kance zuwa Takeita

Gero duk ya ƙone a tsaye, ko tsuntsu babu. A shingen Takeita wani soja ya leƙo, ya nuna yaron da baki.

"Kai, sunanka?"

Shiru. Sojan ya juyo gare ni. Ni kuwa tun da na haife shi sunansa bai taɓa fita bakina ba, ban kuma taɓa tsura masa ido ba. Wace uwa ce ke kiran sunan ɗan fari? Na miƙa katinsa kawai.

"Ɗan farinta ne, ranka ya daɗe," in ji direba. Sojan ya yi tsaki ya ɗaga sanda.

Damagaram

Babu wuta a asibitin sai bayan azahar. Muka sha fura a gindin bishiyar bedi. Da wuta ta dawo aka kwantar da shi, gadon ya shige da shi cikin wani farin rami mai gunji. Ɗakin sanyi ƙalau, na yi ta salati.

Likita ya kira ni gaban wani gilashi. Innalillahi! Kan yaron nan ne a rataye cikin duhu, ba wuya, ba fata, yana juyawa a hankali. Giɓin haƙoransa na gane. Ashe ranar da zan fara ƙare masa kallo, ƙashi zan gani. Tsoro ya kama ni ƙwarai.

Likita ya taɓa wani abu, ƙashin ya ɓace, saura wani dunƙule kamar ƙwan zabuwa.

"Inna, na'ura na auna lanƙwasar bayan dunƙulen nan, wuri bayan wuri. Inda ya yi sumul, shuɗi. Inda ya yi tsini ko kwari, ja. Mai sumul ture ƙwaƙwalwa kawai yake yi, yana ciruwa. Mai tsini ya kafa saiwa."

"To juya shi mana, ɗan nan! Me kake jira?"

Ya juya sama, ya juya ƙasa. Na sa ya sake har sai da ya yi dariya. Ban ga ja ba.

"A Yamai za a yi aikin," ya ce. "Kafin nan kada ki bar shi cikin shiru. Ki riƙa kiran sunansa, kan ya riƙa amsawa."

Na ce, "Ƙannensa za su kira."

"Ke nake nufi, Inna."

Gida

Mun iso ana kiran magariba. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa direban nan da ya rufa mini asiri. Masu sannu da zuwa suka watse, ya rage daga ni sai shi a tsakar gida, yana zaune a tabarma. Na tsaya a gabansa, na kira sunan da ubansa ya raɗa masa.

Ya ɗago kai, ya leƙa bayana, yana neman wanda ya kira shi.