Gwangwanin Auna Soda

Bayan an rufe masaƙun Kakuri, 'yan shekaru da komawar sojoji bariki, sabulu ne ya riƙe gidanmu a unguwar Television. Ni ke haɗawa, maigidana ya yanka. Da waya mai kyamara ta shiga hannun kowa, sai na fara koyar da mata ta intanet, kuma ban yi abin da ka ba. Akwai bidiyon hannuna ina juya mai da soda, akwai saƙon murya don masu ƙarancin data, akwai 'yan tambayoyi bayan kowane darasi. Ba na buɗe wa mace bidiyo sai ta yi aikin gida ta turo hotonsa zaurenmu na intanet na duba.

Maƙwabciyar rumfata a kasuwar Sabon Tasha, wadda muke kira Maman Biyu, ta ce in sa ta a ajin. Na sa ta, har na tura mata bidiyon gaba ɗaya, don ta ce yara ba sa barinta ta zauna amsa tambayoyi. Ashe kura na ba ajiyar nama. Ba a jima ba sai ga hannuna a wayar ƙanwata, an cire muryata an ɗora tata, wai ita ta ƙirƙiro darasin. Ɗalibaina suka fara zamewa, tunda can babu jarrabawa babu aikin gida. Abin da ya fi ƙona min rai, wata ta tambaye ni ko a wurin Maman Biyu na koya.

Na so in je in kifar da rumfarta. Sai na sake kallon bidiyon, na ji tana cewa a zuba soda gwangwani ɗaya. Na yi dariya har da hawaye.

Gwangwanin madarar da nake awo da shi, a ido cikakke ne, amma maigidana ya bubbuge gindinsa ciki har ya cinye kusan rabi. Shi ya sa aikin gida na farko shi ne kowace ta ɗauko nata, ta gwada da ruwa da cokali, ta ja masa layi. Wannan aikin ne Maman Biyu ta raina, ga shi cikakken gwangwani kusan ninkin sodar da ake buƙata ne.

Na bar ta ta ci gaba da koyarwa. Sabulu sai ya yi makonni yana shan iska kafin a taɓa shi, ni kuwa na iya jira. Kullum sai na gaishe ta, har in tambayi 'yan biyu.

Wata Laraba matan da suka koya a wurin Maman Biyu suka cika mata rumfa. Ɗaya ta taso tun daga Kakau, tafin hannunta duk ya saɓule, tana riƙe da zanen zumuntar cocinsu da sabulun ya cinye.

"Madam, see my hand! Me kika koya mana?"

Maman Biyu ta buɗe bidiyo tana nuna musu ai haka ake yi. Suka ce to me ya jawo? Sai ta lallaɓo wurina, suna biye da ita.

"Yaya, abeg, ki rufa min asiri. Me ya sami sabulun?"

"Ke da kika ƙirƙiro darasi kike tambayata? Hannun wa ke cikin bidiyon nan?"

"Naki ne."

"Kasuwa da hayaniya, ban ji ba."

"Naki ne, Yaya!"

Wallahi na ji daɗi, har yau ina jinsa. Na ɗauko gwangwanin na kifa shi a kan tebur kowa ya ga gindinsa. Na ce duk wadda aka cuta ta shigo ajina, na miƙa wa matar Kakau man kaɗanya ta shafa.

Ta karɓa, ta ce, "Mama, ke tun yaushe kika sani?"

Na ce tun kafin su haɗa sabulun.

Ta dubi hannunta, ta dube ni. Ta ajiye man a kan teburina ta tafi.