Saran gizagon Kaka

Wata biyar ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Masu kira da masu aiko saƙo, ku yafe mini. Bakina ne ya datse, kuma ba da wasa nake faɗa ba.

Ni malamin makaranta ne a Aliero, amma gidanmu a Jiga Makera gidan masassaƙa ne. Boko ya ɗauke ni, na girma ban iya fere ko ƙotar fartanya ba. Da ritaya ta matso sai sha'awar abin ta taso mini, na ce bari in koya don rage zaman banza.

Na je wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, ita kaɗai ta rage cikin manyanmu. Ta jawo wani gizago daga ƙarƙashin gado, duk ya yi tsatsa. Na Kaka ne. Da shi ya sassaƙa ƙyamaren barikin Nasara farkon zuwansu, lokacin da aka tara masassaƙa aikin dole. Ta miƙo mini tana hawaye.

Na fara da guntun aduwa, ina son in fitar da koshiya, wato cokalin itace. Rana ta uku na kai sara, hannun hagu yana gaban kaifi. Ya shige ni a gindin babban yatsa.

Gwaggo ko a jikinta. Ta ɗebi garin itacen da ya zube a ƙasa, ta cusa a ramin, ta ɗaure da tsumma.

"Haka Kakanka ka yi in ya sare," in ji ta. "Ƙarhen gidanga ba shi cutar jininmu."

Ni da nake koya wa yara tsafta a aji, na miƙa mata hannu ta gama ɗaurin. Gaskiya daɗi ma na ji, wai yau na zama ɗan gida.

Bakin raunin ya rufe, na manta da shi. Kwana tara bayan nan na kasa tauna tuwo. Washegari wuya ya sandare, haƙora suka datse, ko cokali ba ya shiga. Matata Hadiza ta ɗauki shatar mota zuwa asibiti a Jega, Gwaggo ta ce ƙafarta ƙafarmu.

Aka ɗebi jini, aka auna zazzaɓi. Ma'aikatan asibitin suna zaton sanƙarau ne, har ana shirin zuƙo ruwa daga bayana. Likita ya tambaya ko na ji rauni kwanan nan. Hadiza ta ce ba ta sani ba, don na ɓoye mata. Ni kuwa ina ji, ina son magana, baki ya ƙi. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba.

Sai Gwaggo ta taso da sandarta, ta kama hannuna na hagu ta ɗaga.

"Likita, duba nan. Gizago na ya sare shi. Ni na cusa mai garin icce da ƙasa. In laihi na, nawa na."

Likita ya duba, bai yi mata faɗa ba. Ya ce, "Inna, kin taimake mu. Yanzu mun san abin da muke yaƙi da shi." Ya ce tetanus ne, ƙwayar cutar tana zama cikin ƙasa, kuma rami mai zurfi da aka toshe shi ne wurin da take so.

Suka sake buɗe raunin suka wanke. Aka sa ni ɗaki mai duhu, don ko ƙarar ƙofa sai jikina ya banƙare kamar za a karya ni. Allurai ba iyaka. Kunu ta roba ake zuba mini ta hanci. Albasar da muka ajiye don rani duk a magani ta tafi.

Kwana ashirin da shida na yi. Gwaggo tana zaune a bakin ƙofa da tasbaha, ba ta yarda ta shigo ba, wai kada tarinta ya tayar mini da ciwon.

Ranar da bakina ya buɗe har yatsa biyu suka shiga, Hadiza ta yi sujada a kan simintin ɗakin.

Alhamdu lillahi. Na gode wa Allah, da ma'aikatan da suka yi ta juya ni kamar jariri, da Hadiza, da ku masu addu'a.

Mai son fara sassaƙa, ga abin da na saya da tsada. Ka je a yi maka allurar rigakafin tetanus tun kafin ka taɓa ƙarfe. Ka goge tsatsa, ka wasa kaifi, don dakusasshe shi ke zamewa. Hannunka ya zauna a bayan kaifi, ka sara nesa da jikinka. In ka yanke, ruwa da sabulu, sai asibiti. Kada ka ɓoye wa iyalinka.

Ban daina ba. Makon jiya na ƙarasa koshiyar, karkatacciya ce, na kai wa Gwaggo. Tana juya ta sai ta hango ɗan ƙwarzane a yatsana, wanda ko jini bai yi ba.

Ta ajiye koshiyar, ta laluba sandarta.

"Tashi mu tai asibiti," in ji ta.