Malam Shiru da Littattafan Zamantakewa

Katanga ɗaya ce tsakanina da Malam Shiru, kuma ba ta da kauri. Ni gyaran rediyo da fanka nake yi a zauren gidana, shi kuwa a ɗakin karatu na jami'a yake aiki. Kun ga Allah ya haɗa mai hayaniya da mai hana ta. Sunan ma ni na laƙaba masa, don tun da ya tare a layinmu ban taɓa jin ya haɗa magana biyu a jere ba. Ka gaishe shi, ya gyaɗa kai. Yara su yi ihu a ƙofar gida, ya ɗora yatsa a baki. Na taɓa ganin ya yi wa zakaran matarsa haka, kuma zakaran ya ji.

Ba mugu ba ne, haka Allah ya yi shi. Ubansa kafinta ne, ina jin can ya gaji son kantoci da jera kaya. Yana saurayi ya fara aiki a ɗakin ƙasa na jami'ar, inda ake jibge tsofaffin jaridu, yana kakkaɓa yana atishawa, har ƙirjinsa ya koyi yin fito. Da kaɗan-kaɗan ya yi karatu, aka hau da shi bene. A gidansa komai da lamba, daga takalman yara har gwangwanayen kicin. Matarsa, wadda duk layi ke kira Anti, ta gaya wa mai ɗakina cewa in ta ajiye gishiri kusa da sukari sai ya raba su, wai ba fanninsu ɗaya ba.

Wata rana da yamma ya shigo shagona da fanka a hannu. Fankar lafiyarta ƙalau, na gane magana ce ta ci shi. Na rage rediyo, na ce ya zauna. Sai ga Malam Shiru yana zuba. Wai an buɗe sabon sashe a jami'a, an damƙa masa aikin tara musu littattafai, amma a matsayin riƙon ƙwarya. Littattafan da aka yi oda kullum sai a ce suna hanya. Waɗanda ya tsinto daga nan da can sun cika kantocin sama kawai, na ƙasa wayam. Ga shi ƙarshen wata masu duba jami'o'i za su zo. In sun gamsu, kujera ta zama tasa. In ba su gamsu ba, shugabansa ya riga ya faɗa masa, ɗakin jaridu na nan na jiransa.

Na tambaye shi wane irin karatu ne. Ya ce ilimin zamantakewa.

Dariya ta kusa kayar da ni daga kan benci. Na ce, “Maƙwabci, zamantakewar ma sai an je jami'a? Kuma duk garin nan a rasa wanda za a ba sai kai, da ba ka san sunan mai shagon da kake sayen burodi ba?”

Ya yi ƙoƙarin yi mini bayani, wai nazari ne a kan yadda jama'a ke haɗuwa su rabu, birni da ƙauye, masu shi da marasa shi. Ni dai abin da na riƙe shi ne bawan Allah na neman littattafan zamantakewa ido rufe. Haka na gaya wa mai ɗakina, ita kuma ta kai maganar bakin famfo.

A layinmu in mace ta ce zamantakewa, ba birni da ƙauye take nufi ba. Zaman aure take nufi, da zama da surukai, da zama da masu gidan haya. Ranar Asabar Malam Shiru ya buɗe ƙofa ya tarar da mata tsaye, kowa da kwali ko leda. An kwaso ƙananan littattafan nan da ake sayarwa a tasha, daga ƙarƙashin katifa da cikin akwati. Akwai na yadda za ki zauna da uwar miji ba tare da hawan jini ba. Akwai na gane miji mai fushin ciki. Akwai labaran soyayya da bangonsu ya tafi, wasu da tabon mai, wasu jariri ya ɗanɗana gefensu. Matar mai nama ita kaɗai ta kawo buhu.

Ya buɗe baki zai ce ba irinsu ba ne, Anti ta taka masa ƙafa. Ta ce masa a kunne, amma ni daga shago na ji, mayar wa maƙwabta abin hannunsu shi ne babban rashin zamantakewa, kuma ita za ta ci gaba da zuwa famfo, ba shi ba.

Ya kwashe su ya kai ofis. Dabararsa ita ce ya cusa su a kantocin ƙasa don cike ido, tun da manyan baƙi ba su cika sunkuyawa ba. Sai dai Malam Shiru ba ya iya ɗora littafi a kanta bai ba shi lamba ba, kuma ba ya iya ba shi lamba bai karanta ba. Haka ya zauna ya karance su tas, ya manna wa kowanne lamba, ya buga masa hatimin jami'a.

Mu muka fara ganin sakamako. Wata safiya ya tsaya a ƙofar shagona ya tambaye ni ya iyali, ya aiki, ya gajiya, har da ya ƙafar nan da ke damuna. Na leƙa bayansa ko wani ne ke magana. Kwana biyu sai ga Anti a gidanmu hankali a tashe. Wai ya yaba miyarta, ya tambaye ta ko akwai abin da ke damunta a rai, kuma ya bar gishiri kusa da sukari. Tana so mai ɗakina ta gaya mata gaskiya, ciwo ne ko wani laifi ya aikata.

Ranar da masu duba suka zo ina wajen, don fankar sama ta sashen ta tsaya, Malam Shiru ya roƙe ni in gyara kafin su iso. Suka same ni a kan tsani, ba halin sauka. Shugabarsu wata dattijuwar farfesa ce, gajeriya, tabarau rataye a wuya. Abin da Malam Shiru bai lissafa ba ke nan. Ita ba sai ta sunkuya ba, kantocin ƙasa su ne daidai idonta.

Ta zaro na uwar miji. Ta buɗe, ta sa tabarau. Ƙirjin maƙwabcina ya fara fito, ina jiyo shi daga sama. Ashe matan layinmu ba karatu kawai suke yi ba, suna mayar wa marubuci martani da biro a gefen shafi. Wata ta rubuta ƙarya ne. Wata ta rubuta a ƙasa, gaskiya ne, ke dai ba ki haɗu da tawa ba. Farfesa ta zaro na miji mai fushin ciki, ta karanta rubutun gefen shafi a fili:

“Nawa ba ya fushin ciki. Rediyon da yake gyarawa ma tana hutawa, shi ba ya hutawa.”

Duk suka yi dariya. Ni dai na ci gaba da ɗaure ƙusa.

Ta tambayi wanda ya tara waɗannan. Shugaban Malam Shiru ya ja da baya taki ɗaya, ya nuna shi da haɓa. Na ce a raina yau bawan Allah ya koma ɗakin jaridu. Shi kuwa ya faɗi gaskiya, cewa maƙwabtansa ne suka ji kalmar zamantakewa suka kawo abin da suka sani da sunan. Ya ƙara da cewa ya karanta duka, kuma a ganinsa ɗalibi zai samu abin nazari a gefen shafin fiye da tsakiyarsa.

Farfesa ta dube shi ta saman tabarau. Ta ce littattafan da ke hanya, ko ba jima ko ba daɗe za su iso, kuma kowace jami'a tana da irinsu. Waɗannan kuwa ba ta taɓa ganinsu a kantar kowa ba. Ta ce a ware musu gefe guda, kada a kuskura a goge rubutun biron, kuma mutumin nan ya ci gaba da tarawa. Nan take shugabansa ya dawo da takin da ya ja, ya ce dama shi ya ba da shawarar.

Kujera ta tabbata. Da labari ya iso layi, mata suka zo taya Anti murna, suka yi addu'a, sannan matar mai nama ta gyara mayafi ta ce:

“To Malam, tun da baƙi sun tafi, yaushe za a dawo mana da kayanmu? Ai aro muka ba ka.”

Ya ce sun riga sun sha hatimi, sun zama na jami'a. Aka yi masa caa. Da Malam Shiru na da ne, da yatsa zai ɗora a baki. Wannan kuwa ya kawo musu tabarma, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, kowace da irin lallashin da ya dace da ita. Na gane wasu kalaman, daga babin uwar miji ya ɗauko su. A ƙarshe aka shirya a kan zai yi wa kowacce katin shiga ɗakin karatu.

Yanzu duk ranar Laraba mai ɗakina takan ci kwalliya ta tafi jami'a aron littafinta na kanta, ta sa hannu, a gaya mata ranar dawowa da shi. Na ce ta taimaka ta goge maganar rediyon nan. Ta ce ba ta isa ba, farfesa ta hana. Na kai ƙara wurin maƙwabci, ya saurare ni har na gama, ya tambaye ni ya ƙafa, sannan ya ɗora yatsa a baki.